In Anko Ya Ɗan Saɓa, Sai Me?

Akwai wata doka da ta shigo mana ƙasar Gaya da Ajingi, ba majalisa ce ta kafa ta ba, ba sarki ba, ba malamai ba, amma ta fi dokokin hukuma da yawa aiki a cikin gidajenmu. Dokar ta ce in an fitar da ankon biki, tilas na kowa ya fito daga dila ɗaya. Wanda shuɗinsa ya ɗan ciza, ko wadda furen atamfarta ya ɗan fi na sauran girma, to ya yi laifi. Hukuncinsa kallo, da ƙus-ƙus, da janye shi gefe in an zo ɗaukar hoto. Mu dai mun ce wannan doka ba ta da tushe a sana'ar tufa, ba ta da shi a tarihinmu, kuma ɓarnar da take yi wa zumunci ta fi ƙarfin ɗan kyan da take ƙara wa hoto. Anko in ya ɗan saɓa, a saka shi haka, a shiga taro da shi kai a ɗage.

Bari mu fara da yadda saɓanin ke aukuwa, don masu sa ido suna magana kamar da gangan ake yi. Uwar biki ta je Kantin Kwari ta zaɓi atamfa, ta ɗauko turmi ashirin ko talatin, ta ɗauki hoton ƙyallen ta watsa a WhatsApp. Masu kuɗi a hannu suka karɓi nasu a makon farko. Ita kuwa gwaggon amarya da ke Kademi sai ta jira kwasar adashi. Ƙanwar uwar ango da ke Toranke sai maigida ya kai buhun wake kasuwa. Kafin kuɗinsu su haɗu, wancan kaya ya ƙare. A ba direba saƙo, ko a roƙi wani ɗa mai karatu a Wudil ya ƙarasa birni, ya nuna wa mai shago hoton da ke waya. Mai shago ya ce akwai, ya ɗauko. Zanen shi ne, sunan shi ne, amma wani zuwan ne daban, jan ya ɗan yi duhu. Haka abin yake wajen maza: abokan ango sun yanki shadda daga bandir ɗaya, na ƙarshe ya zo an buɗe sabo, ruwan tokarsa ya ɗan karkata zuwa sararin samaniya.

To ranar yini sai ka ji wata ta dafa kafaɗar baiwar Allah tana murmushi: "Gwaggo, ai wannan ba shi ba ne." Kalma bakwai, amma sun isa su mayar da dattijuwa lungu ta yini tana jan mayafi tana rufe zanen da ta tara kuɗinsa wata biyu. Wata ma tun a gida za ta gwada nata da na maƙwabciya, ta ga bambancin, ta ce kanta na ciwo, ta fasa zuwa. Bayan biki a ce ba ta da zumunci.

Duk wanda ya san tufa ya san launi ba ya maimaita kansa. A tambayi marina na Ƙofar Mata, waɗanda ake cewa karofinsu na nan tun 1498. Baba da toka da ruwa ake haɗawa a rami a bar su su tsima, kuma shuɗin da zane zai ɗauka ya danganta da ƙarfin ruwan a ranar, da yawan tsomawa, da daɗewar da zanen ya yi yana shan iska tsakanin tsomi da tsomi. Zane biyu da aka tsoma a karofi ɗaya, ɗaya da hantsi ɗaya da la'asar, ba lalle su fito daidai ba. Da wannan rinin ne Kano ta yi suna. Baturen nan Barth da ya iso Kano a 1851 ya tarar da tufafinta na kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Babu wanda ya taɓa mayar da kaya daga Sahara don shuɗin wannan rawani bai yi daidai da na wancan ba.

A duba tsohuwar rigar saƙi in akwai ta a adakar wani dattijo. Saƙar masaƙanmu siririya ce, faɗinta bai wuce 'yan yatsu ba, sai an jera da yawa an ɗinke kafin a sami riga guda. Zaren da aka saƙa su da shi mata daban-daban suka kaɗa, ba kuma rana ɗaya aka rina shi ba. In ka ƙura ido za ka ga wani layin ya fi wani duhu, gidajen saƙar ba su haɗu baki da baki ba. Rigar da sarakuna ke bayarwa kyauta ke nan, wadda ake gado. A jikin riga ɗaya ma ba a sami daidaiton da ake nema yau a jikin mata hamsin ba.

Kada a ce ai wannan aikin hannu ne, inji ba ya kuskure. Inji ma a tukunya yake rini, kuma kowace tukunya da halinta: zafin ruwa, irin audugar, minti nawa kaya suka yi a ciki. Shi ya sa masaƙu ke bambanta wannan fitowar da waccan ko da zanen ɗaya ne. Galilar da ake yayi ana tsada, a Mali mata ke rina ta da hannu, samun biyu masu launi ɗaya sak sai an dace. Atamfa kuwa labarinta ya fi ban dariya. Turawan Holan, irin kamfanin Vlisco da ya faro a 1846, sun so su kwaikwayi rinin hannu na mutanen Indunusiya da inji. Sai danƙon da ake shafa wa yadin ya riƙa tsagewa, rini na kutsawa yana barin 'yan jijiyoyi da ɗige-ɗige. Can aka ga aibi ne, aka ƙi saye. Da kayan suka iso gaɓar Afirka ta Yamma sai aka ce wannan ai shi ne adon. Har gobe waɗannan tsage-tsagen na cikin abin da mata ke dubawa su ce atamfa ta gaske ce, kuma ba sa faɗawa wuri ɗaya a kowane yadi. Wato tufar da darajarta ke cikin rashin daidaito, ita muka ɗauka muka mayar ma'aunin daidaito.

Ko da an yi sa'a duka sun fito daga dila ɗaya, kwana nawa daidaiton zai yi? Wannan ta wanke nata kafin ta kai ɗinki, waccan ba ta wanke ba. Wannan ya kai shaddarsa wajen mabuga, wancan ya sa mata sitaci da dutsen guga. Launin da ka gani a ƙarƙashin ƙwan lantarkin shago ba shi za ka gani a ranar Ajingi da azahar ba. Ita kanta wayar da aka tura samfurin da ita, kowace da yadda take nuna launi. Ana hukunta mutane a kan abin da rana da ruwa da sabulu za su warware cikin mako biyu.

Sai maganar al'ada, don akwai masu cewa haka aka gada. Ba haka aka gada ba. Ashobi kalmar Yarbanci ce, ma'anarta tufar dangi, kuma daga kudu yayin ya hauro mana. Ba laifi ba ne, Bahaushe ya iya karɓar abin maƙwabci ya mayar nasa. Amma a tambayi tsofaffin Gaya yadda ake fita biki a ƙuruciyarsu. Kowace mace da zanen da ta fi ji da shi, ɗankwali daban, mayafi daban. Namiji ya sa farar 'yar ciki, ya ɗora shuɗiyar babbar riga, wandonsa wani yadin, ya naɗa ɗan kura mai baƙin sheƙi. Adon malum-malum da aska takwas ba ya neman wando ya zama ɗan'uwan riga. Har yau in aka yi hawan salla, a dubi hakimi da zagaginsa: alkyabba wani launi, rawani wani, kayan doki wani, kuma ba wanda ya ce bai yi kyau ba. Waɗanda aka sani da kaya iri ɗaya su ne dogarai da jansu da korensu, su kuwa a bakin aiki suke. Su ma in ka lura, rigar wanda ya daɗe yana shan rana ba ta kai ta sabon shiga ja ba.

Ba mu kaɗai wannan cuta ta kama ba. Mutanen tsaunukan Sukotland, a arewacin Birtaniya, suna da wani yadin ulu mai gida-gida da suke kira tartan, maza na ɗaura shi iya gwiwa. A yau kowace zuriya da nata zanen, har akan sami masu tsayawa musu a kan ko ya halatta mutum ya haɗa na ƙugu da na kafaɗa in rininsu ya ɗan bambanta. Amma tarihinsu ya ƙaryata masu tsananin. Hotunan da aka zana na manyansu a ƙarni na 18 sun nuna mutum ɗaya sanye da zane biyu ko uku mabambanta a jikinsa. Gwamnati ta haramta musu wannan shiga a 1746, ta janye haramcin a 1782. Sai da Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinbara a 1822, aka nemi manya su fito da kayan gargajiya, sannan kasuwar "kowace zuriya da zanenta" ta buɗe sosai, masaƙu suka ci riba. A 1842 wasu 'yan'uwa biyu suka buga littafin zanukan zuriyoyi suna cewa daga tsohon kundi suka kwafo, daga baya aka gano ƙirƙira ce. Abin lura a nan shi ne, can da nan, dokar daidaito ba daga kakanni ta fito ba. Ta fito daga inda ake sayar da yadi.

Yanzu mu saurari masu adawa da mu, don suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba.

Ta farko, sun ce gara a bambanta gaba ɗaya da a yi kusa a kuskure. Ja da kore ido ya san da niyya aka yi, amma ja da ja-ja kamar an yi ƙoƙari an gaza ne. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya in ana zancen tufa ɗaya a jikin mutum ɗaya. In tela ya yanka maka hannun riga daga wani bandir, jikin daga wani, alhali ka biya kuɗin yadi ɗaya, ka mayar masa, hakkinka ne. In ɗan kasuwa ya ba ka kwafi a kuɗin asali, ya ci amana. Ba mu kare ha'inci ba. Amma taron biki ba riga ɗaya ba ne. Mutane ne masu tsawo da gajarta, farare da baƙaƙe, kowa da telansa da irin ɗinkinsa, wata ta yi doguwar riga, wata riga da siket, wata zane da buba. An yarda da duk wannan bambancin, sai ɗan cizawar launi ce za ta rushe taro? Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma idon da ya hango ayarin mata daga bakin ƙofa, dangi ɗaya yake gani. Sai wanda ya matso da niyyar bincike ne ke ganin saɓanin.

Ta biyu, sun ce hoto. Biki na kwana biyu ne, hoto na har abada. To a buɗe hotunan bikin iyayenmu, waɗanda suka koɗe har ba a gane launin komai. Me ake nema a cikinsu? Fuskoki. "Ga Inna nan, Allah Ya jiƙanta. Wannan Kawu ne yana saurayi." Ba mu taɓa jin wanda ya ɗauki tsohon hoto yana yaba yadda atamfofi suka dace ba. Wadda aka janye gefe yau don zanenta ya ɗan saɓa, ita ce jikoki za su nema a hoton nan da shekara talatin su rasa. Balle ma mai ɗaukar hoton da kansa zai ƙara haske ya rage, ya sauya launin kowa kafin ya tura.

Ta uku ita ce ba a faɗa a fili, kuma ita ce gaskiyar maganar. A Kwari zane ɗaya yakan zo hawa-hawa: ga mai tsada, ga mai bi masa, ga kwafin da aka bugo a Sin wanda talaka ke iya saye. Sau da yawa in an ce "ba shi ba ne", ba launi ake nufi ba. Ana nufin mun gane naki mai araha ne. Hannun da ya kai ga gefen zanenki yana murzawa ba rini yake dubawa ba, aljihun mijinki yake aunawa. A nan ne dokar ta tashi daga shirme ta koma zalunci. An ce amfanin anko shi ne ya rufe bambanci, mai shi da marar shi su fito iri ɗaya. In kuwa sai an tantance dila da daraja, to ya zama abin da ke tona asirin da aka ce zai rufa.

A kuma tuna da lokacin da muke ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira ta nemi matsayinta, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024. Shadda da leshi da mafi yawan atamfa daga waje ake shigo da su, tun da masaƙun Kaduna da na Kano suka durƙushe, don haka farashinsu dala yake bi. Mafi ƙarancin albashin da Jihar Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne, kuma yawancin mutanen Balare da Gurduba da Shagogo ba ma albashin suke ɗauka ba. Gero ne, da dawa, da gyaɗa, da wake, da 'yar akuyar da aka turke. Bayan kaka bukukuwa ke zuwa a jere, gida ɗaya ya sami anko uku ko huɗu cikin wata biyu, ga na kamu daban, na yini daban. Matar da ta soya ƙuli-ƙuli ta tara kuɗi ta sayi mai kama da shi don ta fita kunyar 'yar'uwarta, ta yi abin a yaba mata. Ta fi wadda ta karɓi na asali bashi, aka shekara ana aike tana ɓuya, har zumuncin da aka yi ankon dominsa ya tsinke a kan kuɗin turmi ɗaya. Mun san kuma wani lokaci nacewa a kan "sai a wajena za a karɓa" ba don kyan taro ba ne, don 'yar ribar da aka ɗora a kan kowane turmi ce. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Akwai masu cewa to a soke ankon mana baki ɗaya a huta. Ba mu tare da su. Anko na da daɗinsa. Yana sa baƙo ya gane dangin amarya daga na ango, yana sa yarinya ta ji ita ma 'yar gida ce, telolin Gaya da masu kai saƙo Kwari suna cin abinci da shi, kuma zanen na nan ana ɗaurawa bayan biki. Abin da muke faɗa da shi shi ne tsananin da aka liƙa masa. Hausawa sun ce bikin farar kaza, balbela ba sai an gayyace ta ba. Farin balbela da na kaza ba iri ɗaya ba ne, kowa ya sani, amma ba a taɓa jin an tsayar da ita a ƙofa ana gwada gashinta ba.

Gyaran ba shi da wuya, kuma ba ya bukatar kwamiti. Mai fitar da anko ta faɗi launi da irin zanen, ta ƙara da cewa wanda bai samu ba ya nemi mai kama da shi, kowa daidai ƙarfinsa. Wannan jimla ɗaya a ƙarshen saƙon WhatsApp za ta sauke wa gidaje da yawa nauyi. In zanen na da hawa biyu ko uku a kasuwa, a faɗa tun farko cewa duka sun yi. Ya fi kyau ma uwar biki da kanta, ko wata mai hali a dangi, ta ɗaura mai arahar, a ga wanda zai buɗe baki. Anko ɗaya ya isa biki ɗaya. Abokan ango su ce fari ko ruwan toka, kowa ya buɗe akwatinsa. Mai ɗaukar hoto aikinsa ya ce a matso, ba ya ce wance ta koma baya ba. Iyaye maza da ke cewa wannan zancen mata ne su tuna daga rumbunsu kuɗin ke fita, kuma 'yan'uwansu mata ne ake muzantawa.

Mu mutanen wannan yanki ba mu da dalilin karɓar kowane yayi da ka. Gaya ba garin jiya ba ce. Labarin da aka gada ya ce daga nan maƙeran farko suka tashi suka je Dala neman tama, Abagayawa ke nan, tun birnin bai zama birni ba. Garin da ke da irin wannan asali bai kamata ya zauna yana jiran wani shago a Kwari ya yanke masa wanda ya isa shiga hoton dangi ba.

Ku kuma 'yan sa ido, masu murza gefen zane, muna roƙonku da girman Allah ku sassauta. Wadda ta taso daga Gafasa a bayan babur, cikin ƙurar hunturu, da goyo a baya da kwanon gudummawa a cinya, ta riga ta biya abin da zumunci ke bin ta, tun da an ce a ƙafa yake. In ta yi sallama a ce mata, "Sannu da zuwa Gwaggo, ya hanya?" A karɓi kwanon, a shimfiɗa mata tabarma a tsakiyar dangi, in an tashi hoto a sa ta a gaba.